Da yaran suka ce kiɗan manya suke so

Su huɗu ne, maza uku da mace ɗaya. Sun fara waƙa tun suna kwalej, da kwamfutar aro mai manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio a ciki, kuma kafin su kai ajin ƙarshe na lise an san su a bukukuwan makarantun Yamai. Kiɗansu irin wanda kunne ya saba da shi ne: bugu mai sauri na Legas, ɗan tsalle-tsallen Abijan, sai siririyar murya da aka wanke da Auto-Tune, manhajar da ke gyara karkacewar murya, irin ta waƙoƙin dandalin soyayya na Kano. Hausa da Zabarmanci da Faransanci duk a baiti ɗaya. In sun hau dandamali, kiɗa da murya daga na'ura suke fitowa, su kuma su riƙe mikiro suna motsa baki suna rawa, abin da muke kira filebak. Ba don raini nake faɗa ba. Da wannan suka yi suna, da shi biyu daga cikinsu suka riƙa sayen littattafansu.

Ni aikina haɗa kiɗa da ɗaukar murya, ina da ɗan sitidiyo a Bukoki. Bayan sun gama bak, wato jarrabawar ƙarshen lise, a farkon hutun damina, suka zo mini gaba ɗaya. Babbansu, wanda ke jan waƙa, shi ya yi magana.

"Tonton, mun gaji. Duk inda muka je sai a ce ga yaran nan. Kiɗan manya muke so mu yi."

Kafin maganar kuɗi na ce kowa ya faɗa mini, shi kaɗai, abin da yake nufi da kiɗan manya, kuma ba a samu biyu da bakinsu ya zo ɗaya ba. Babban yana son a rage gudu, a sa piyano mai taushi. Mai rap yana son a bar soyayya a koma kan auren wuri da shaye-shaye. Mai kwamfuta, wanda shi ke yi musu bugu tun farko, ya ga yadda gitar ta kai Bombino da Mdou Moctar, makaɗan Abzinawa na Nijar, Turai da Amurka, don haka gitar yake so a ko'ina. Yarinyar ce ta faɗi abin da na riƙe: tana son waƙar da za a sa a gidan biki, mahaifiyarta na zaune, ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Maganar mai rap na san inda ta samo asali. Mu da muka ga tashin rap a Yamai daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, zamanin su Lakal Kaney, Kaidan Gaskia da Wass-Wong, mun ji samari suna magana kan talauci da rashin aiki da sida, kuma abin ya taɓa mutane domin daga cikinsu yake fitowa. Daga baya ƙungiyoyin agaji suka gane matasa na sauraro, aka fara ba da kwangilar waƙa, sai wata fahimta ta zauna cewa in kana son a ɗauke ka babba to ka yi faɗakarwa. Na ɗauki irin waɗannan waƙoƙi da yawa a ɗakin nan. A biya, a sa a rediyo mako biyu, shi ke nan. Na ce masa ba zan hana shi ba, amma duk abin da zai faɗa ya zamo ya gan shi a gidansu ko a fadarsu, ba a allon gefen titi ba.

Aikin farko bai shafi kayan kiɗa ba. Na kashe komai, na zauna gaban piyano, na sa kowa ya bi ni daga ƙasa zuwa sama, don in ji inda muryarsa take zaune da inda take fara shaƙewa. Muryar namiji in ta fashe takan sauka kusan oktab guda, wato tazarar da ke tsakanin do ɗaya da do na gaba. Su kuwa har lokacin suna rera waƙa a matakin da suka saba tun suna da shekara goma sha huɗu. Suna matse maƙogwaro su kai, Auto-Tune ya ja abin da ya karkace ya ajiye shi a kan nota, ba wanda ya lura. Da muka saukar da matakin, babban ya ji muryarsa ta gaskiya a lasifika, mai kauri, da ɗan tsatsa a ƙasanta. Bai so ta ba da farko. Ya ce kamar ta babansa. Na ce to ai abin da kuka zo nema ke nan. Ita yarinyar muryarta ba ta sauka sosai ba, matsalarta numfashi ce: ta saba a ɗauki layi ɗaya, a tsaya, a ɗauki na biyu a liƙa, don haka ba ta taɓa kai baiti ƙarshe da numfashinta ba. Wannan ba ya gyaruwa a sitidiyo, sai da maimaici a gida, kuma ta yi.

Daga nan na aika su cibiyar horar da makaɗa ta El Hadj Taya, wadda aka fi sani da CFPM, su zauna su ji masu gwaji. A nan marigayi Malam Maman Barka ya yi aiki, mai gurumi, wanda daga baya ya je yankin tafkin Cadi ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, a hannun Boukar Tar. Ya rasu a 2018, yaran ba su taɓa jin sunansa ba. Na kuma sa su saurari Mamar Kassey, ƙungiyar da Yacouba Moumouni ya kafa a 1995, su ji yadda sarewa da molo da ƙwarya da kalangu ke zama wuri ɗaya da gitar da bas ba tare da wani ya danne wani ba. Na haɗa musu da Tal National, don su san cewa haɗa kalangu da gitar mai wuta ba sabon abu ba ne a garin nan, kuma mutanen da suka yi shi sun gina sunansu ne da raba dare suna kiɗa a gaban jama'a kafin wani kamfanin Ingila ya fitar musu da kundi a 2013. A can CFPM suka haɗu da wani saurayi mai gurumi, ya yarda zai yi aiki da mu.

Goge mun yi shawararsa muka bari. Mai kwamfuta yana son kukansa, ni ma ina so, amma a kunnen iyaye da yawa goge na tafe da bori da gidan giya, kuma mun riga mun ce mahaifiyar yarinyar ce ma'auninmu.

Mai kalangu ni na nemo shi. Dattijo ne Ba'adare, daga wajen Tawa ya zo Yamai tun yana saurayi, ya yi wa mahauta kiɗa, ya yi na dambe, yanzu biki da suna yake bi. Irinsa ba a kiransa a waya a ce ya zo. Na je gidansa da goro, muka gaisa, na faɗi abin da ke tafe da ni, ya ce zai zo ya ji tukuna, in abin ya yi masa sai a yi maganar sallama.

Ranar da ya zo na sa masa abin sauraro a kunne, na kunna maket ɗin waƙar farko, wato ɗaukar gwaji, tare da ƙwas-ƙwas ɗin mitironom, wanda ke tsayar da kowa a kan gudu ɗaya. Bai daɗe ba ya cire ya ajiye a cinya.

"Ɗana, ni mai waƙa nika bi, mai rawa shi bi ni. Wanga abu da ka ƙwanƙwasa min kunne, wa yaka bi?"

Mai kwamfuta ya fara bayani cewa ba a iya gyara komai in ba a kan layin na'ura aka yi ba. Gaskiya ce ta wani ɓangare: in kowane bugu ya faɗa a gurbinsa, kana iya yanko amshi daga nan ka liƙa can. Amma kiɗan dattijon ba ya tafiya haka. Yakan ɗan ja baya in mai waƙa zai shiga, ya ɗan matsa gaba in amshi ya zo, kuma wannan jan da sakin shi ke ɗaga mata daga kujera. Sai muka juya tsarin. Muka kashe mitironom, aka ɗauki kalangu da ƙwarya da muryar jagora tare, daga baya na zauna na sa kwamfuta ta bi gudunsu gaɓa-gaɓa. Aiki ne mai cin ido da lokaci, kuma yana nufin duk abin da za a ɗora a kai dole a kaɗa shi da hannu daga farko zuwa ƙarshe.

Akwai kuma maganar rabon bugu. Duk waƙoƙinsu na da a kan huɗu suke, kowane taku a raba shi biyu ko huɗu. Yawancin abin da ke hannun dattijon uku-uku yake rabuwa, abin da masu karatun kiɗa ke rubutawa 6/8 ko 12/8. Masu waƙar biyu sun shiga ba wuya, domin shi suka ji a gidajen biki tun suna goye. Mai rap ne ya sha wahala. Kalmominsa a jere suke kamar an auna da ma'auni, a kan uku-uku sai su riƙa tuntuɓe. Dattijon ya ce masa ya daina ƙirga, ya je ya tsaya bayan maroƙi a gidan suna ya ji yadda yake jefa kirari a tsakanin bugu. Ya je, kuma abin da ya dawo da shi ya fi duk rap ɗin da ya taɓa yi.

Inda aikin ya fi tsayawa shi ne kan karin magana, kuma nan ne na ga abin da ya raba waƙarsu ta da da wadda suke nema. Kalangu ganga ce mai siririn ƙugu da fata a baki biyu, igiyoyin fata sun haɗa su. In makaɗi ya matse ta a hammata sauti ya hau, in ya saki ya sauka. Hausa kuma kowace gaɓa da karinta, ko sama, ko ƙasa, ko mai faɗowa, ga wasali dogo da gajere. Zabarmanci ma harshe ne mai kari. Shi ya sa kalangu ke iya faɗin magana, mai kunne ya gane. Dattijon ba ya raka waƙa da bugu kawai, maimaita abin da mai waƙa ya faɗa yake yi. Da babban ya rera layin farko na amshi, sai ya tsayar da shi.

"Faɗa min shi da baki, kamar kana gaya wa innarka."

Ya faɗa. Dattijon ya kaɗa, kowa a ɗakin ya ji maganar ta fito daga fata.

"To rera."

Ya rera. Dattijon ya kaɗa abin da ya ji, sai ga wani abu dabam, ba ma'ana. Inda kalma ke sauka, waƙar hawa take yi. Inda wasali gajere ne, an ja shi har ya zama wata kalma. Dalili a fili yake: sautin waƙar ya riga kalmomin zuwa. Mai kwamfuta kan yi bugu, babban ya yi ta gunguni a kai har ya sami sauti mai daɗi irin wanda yake ji a waƙoƙin waje, sannan a nemo kalmomin Hausa a cusa. A Faransanci ko Ingilishi wannan ba ya ɓata ma'ana. A Hausa yana sa babba ya ji waƙa ya ce ta yara ce, ko da bai iya faɗin dalili ba. Ba wai mawaƙan gargajiya ba sa lanƙwasa kari ba ne, suna yi, amma ba a kan kalmar da ke ɗauke da nauyin baiti ba, kuma ba a ƙarshen amshi ba.

Sai muka sake hanyar rubutu gaba ɗaya. A rubuta layi, a faɗe shi da baki, a yi guɗarsa da hanci ba kalmomi, dattijon ya kaɗa shi, sannan mai gurumi ya nemo masa sauti a cikin notocinsa. Gaɓa mai nauyi ta sami nota doguwa, mai sauƙi ta sami gajera. Layin da ya ƙi zama a canza kalma, ba a tanƙwara ta ba. Wasu waƙoƙin amshi kawai aka taɓa, wasu sai da aka rushe su. Babban ya yi fushi ba sau ɗaya ba, domin sautukan da ya fi ƙauna su ne suka fi faɗuwa. Wata rana ya fita ya bar mu, ya zauna wajen mai shayin bakin titi har magariba. Dattijon bai ce komai ba, ya ci goronsa. Da yaron ya dawo ya ce, "Baba, a yi haƙuri," shi kuma ya ce, "Zamna, ɗana, mu koma inda munka tsaya."

Gurumi ya kawo nasa rikicin. Kiɗanmu da yawa a kan nota biyar yake tafiya, piyano kuwa bakwai ne a gam ɗinsa, wato jerin notocinsa, ban da baƙaƙen da ke tsakani. Kuma biyar ɗin gurumi ba sa faɗawa daidai inda na piyano suke, domin da kunne ake ɗaure shi, a ja zoben fata a wuyansa har ya zauna. In ka shimfiɗa masa cikakkun akor, wato notocin da ake dannawa tare, irin waɗanda babban yake so, sai a ji kamar ɗaya daga cikinsu ya karkace. Mun cire shimfiɗar piyano a yawancin wurare, muka bar bas yana bin gurumi, gitar kuma tana amsa masa da nota ɗaya-ɗaya. Mai kwamfuta ya sami gitarsa, amma ba irin ta Agadas da ya zo da ita a rai ba. Na gaya masa wancan kiɗa da harshensa yake tafe, da Tamashek da tafiyar kiɗan gargajiya na takamba da tende a ƙarƙashinsa, in ka ɗauko gitar kaɗai ka ɗora wa waƙar Hausa, kowa zai ji aro ne.

Ɗaukar kanta ba ta da wani abin mamaki sai wahala. Ana kashe fanka in za a ɗauka, don mikiro na jin ta. In ruwa ya sauko a kan kwano a tsaya. In an ɗauke kuran a tsaya. Damina na sa fata ta saki, don haka dattijon kan kara kalangunsa kusa da garwashin shayi kafin a fara. Mikiro biyu na sa masa, ɗaya kusa da bakin da ake kaɗawa, ɗaya a nesa kaɗan don ya kamo ɗakin, domin in ka matsa sosai ƙarar sanda kawai za ka samu, maganar ta ɓace. Aikin ya ja har hunturu ya shigo, fata ta bushe ta ɗaure, sautin kalangu da na gurumi suka hau. Wuraren da muka bari za mu cike daga baya suka ƙi haɗuwa da na damina, sai da aka sake waƙa guda daga tushe. Hazo kuma ya kama maƙogwaron yarinyar, muka jira ta.

Kan abin da waƙoƙin ke faɗa, a ƙarshe ba a yi ta auren wuri ba. Mai rap iyayensa mutanen Adar ne, kuma duk wanda ya san yankin Tawa ya san ci-rani: da an gama girbi maza su kama hanya, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya, a bar mata da tsofaffi. Wansa ya tafi, saƙon murya kawai ake samu a WhatsApp, kuma mahaifiyarsu ba ta goge ko ɗaya. A kan wannan ya rubuta, yadda take kunna tsohon saƙo in sabo ya yi jinkiri. Ba nasiha a ciki, ba kira ga hukuma. Ita yarinyar ta ƙi barin soyayya, kuma ta yi daidai. Sai dai tata soyayyar yanzu akwai sadaki a ciki, akwai akwati da kayan ɗaki, akwai gwaggo mai ƙirga abin da aka kawo, akwai saurayi mai takardar bak da kabu-kabun haya. Ta saka dariya a ciki, irin ta zaurance da habaici da mata ke yi a tsakar gida. Babban ya yi waƙa a kan zaman fada, samari da butar shayi suna jiran sakamakon gasar ɗaukar aiki. Wannan ba ta kai sauran biyun ba, ya cika ta da manyan kalmomi.

Wajen haɗa sauti aka yi gardamar Auto-Tune. Babban, wanda a da ba ya buɗe baki sai da shi, yanzu ya ce a cire gaba ɗaya, abin yara ne. Mai kwamfuta ya ce in aka cire ba wanda zai gane su. Na ba su labarin Mdou Moctar, wanda shi ma ɗan jihar Tawa ne. Kundinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, cike da Auto-Tune da bugun na'ura irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta Bluetooth da memori ya bazu daga waya zuwa waya kafin wani Bature ya san da shi. Na'urar ba ta hana a ji akwai mawaƙi a ƙarƙashi ba. Abin lura shi ne in ka ɗaure ta sosai takan fizgi murya daga nota zuwa nota, ta kashe zamiyar da ke tsakani, alhali a cikin zamiyar nan karin Hausa mai faɗowa yake, kuma ita kalangu ke kwaikwayo. Muka cire ta daga baitoci, muka bar ta sako-sako a amshi inda muryoyi uku ke haɗuwa. Kowace waƙa sai na gwada ta a lasifikar waya da rediyon taksi kafin in ce ta gama, tunda a nan za a ji ta. Waya ba ta fitar da ƙasan sauti, bas yakan ɓace, don haka na ɗaga tsakiyar kalangu da ƙwarya su riƙe tafiyar.

Kafin a saki komai na sa su je ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, su yi rajista. A takarda ana rubuta wanda ya yi kalmomi, wanda ya yi sauti, da wanda ya tsara. Nan suka yi turus, domin a da komai na kowa ne. Na ce sunan dattijon da na mai gurumi su shiga cikin masu sauti a waƙoƙin da aka gina a kan hannunsu. Dattijon ya ce shi a ba shi nasa a hannu, bai san takarda ba. Aka ba shi a hannu, aka kuma rubuta shi.

Waƙa shida suka fita. Muka kai gidajen rediyo, aka watsa a WhatsApp da YouTube, aka yanka guntaye don TikTok. Masoyansu na da, ƴan kwalej da lise, yawancinsu ba su bi su ba. Wasu suka rubuta cewa sun tsufa tun ba su yi aure ba. Akwai dalili na zahiri: tsofaffin waƙoƙinsu amshi ke buɗe su, cikin daƙiƙa kaɗan an sami abin rawa, sababbin kuwa gurumi ne ke fara magana, murya sai daga baya, kuma mai jan allon waya da yatsa ba ya jira. Manyan makaɗan gari su ma ba su buɗe musu hannu nan take ba. Wani ya ce mini sa kalangu a waƙa ba ya mai da yaro makaɗi, sai ya gan su a fili. Ban yi masa musu ba.

A fili ɗin ne aka gane tsadar abin da suka zaɓa. A da su huɗu ne da ƴar kile ta USB mai ɗauke da kiɗansu a aljihu, taksi ɗaya ya ishe su. Yanzu ga mai kalangu, mai gurumi, mai ƙwarya, mai bas, mai gitar, ga kayan sauti masu mikiro da yawa da wanda zai zauna a kansu. Kuɗin da kwamitin ɗalibai ke iya tarawa ba ya ɗaukar wannan. Wasansu na farko ba filebak a wani ƙaramin zaure aka yi shi, rabin kujeru ba kowa. Babban ya shiga waƙa ta biyu a matakinsa na da saboda tsoro, ya shaƙe a tsakiya, dattijon ya rufe shi da kalangu har ya dawo. Yarinyar kuwa ta kai kowane baiti ƙarshe.

A ganina uku daga cikin shidan sun tsaya da ƙafarsu: ta ci-rani, ta akwatin aure, da wata ta Zabarmanci da mai gurumi ya kawo sautinta. Sauran ukun tsohuwar waƙa ce aka sa wa babbar riga, kuma ana ganin inda ta yi mata yawa. Mai kwamfuta ya bar ƙungiyar bayan fitar kundin, ba da faɗa ba. Ya ce aikin da ya iya ba a bukatarsa kuma, ya koma yi wa wasu ƴan kwalej bugu, kuma a yanzu ya fi sauran ukun samun kuɗi.

Abin da ya riƙe su shi ne waƙar akwatin. Mata suka ɗauke ta, aka fara sa ta a wajen ƙunshi da kai amarya, daga nan aka fara kiransu biki, a Yantala, a Talaje, har hayin kogi a Harobanda. Gidan biki ba ya son waƙa shida a tashi. Sai an yi awa biyu ko uku, sai an san sunan uwar amarya da na ƙawayenta, sai an iya tsawaita amshi muddin ana liƙi. Wannan dattijon ke koya musu yanzu, ba ni ba. Ana kuma roƙonsu tsofaffin waƙoƙin makaranta, domin amaren yanzu su ne ƴan lisen jiya, don haka mun sake tsara biyu a matakin ƙasa da bugun uku-uku, aka gyara kalmomin da kalangu ya ƙi.

Rabon liƙi ya so ya kawo saɓani, tunda mata sun fi zuba wa dattijon, shi ke kiran sunansu da fata. Suka zauna a sitidiyo suka yanke cewa duk abin da aka liƙa, ko a goshin wa, a ƙwarya ɗaya za a tara. A cire kuɗin mota da na kayan sauti, dattijon ya ɗauki kashi biyu, kowa ɗaya, a ajiye ɗaya don ɗaukar kundi na gaba. Jikan dattijon, wanda ke riƙe masa ƙaramin kalangu, rabin kashi yake samu, kuma shi ke ƙirga kuɗin a gaban kowa.